Tumbin Jan Sa

Gwaggo ta iso mayanka kafin a gama feɗe jan san, da zanin aikinta, hannunta na warin albasa. Ba ta gaida kowa ba.

Shekara goma sha ɗaya tana sayar da shinkafa da nama a bakin titi, kuma ba ta taɓa jefa wa tukunya naman da ba ta san ciyawar da ya ci ba. Shanunta huɗu suna kiwo a filin bayan shago. Ba dusa, ba allurar ƙiba. Kitsensu rawaya, namansu da tauri, sai ya sha ƙaramar wuta tun safe kafin ya yarda. Wanda ya yi ƙorafi sai ta nuna masa shagon gaba, inda nama ke da laushin auduga da ɗanɗanon auduga. Direbobi kam layi suke yi, kowa ya karɓi nasa a leda ya zagaya gindin itatuwan bakin fili ya ci.

Sai jan sa ya fara rama. Ga damina, ciyawa har gwiwa, amma ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ciki kuwa ya kumbura kamar ganga. Ya daina tuƙa. Ya daina tashi.

Ƙaninta ne makiyayin, kuma a kansa ta sauke. Ta ce ɗaure dabbar yake yi a rana ya tafi hira. Ya rantse, ta ce rantsuwa ba ta sa wa sa nama. A gaban masu cin abinci ta ƙwace sanda da igiya, ta tuna masa tun yana ƙarami ba a ba shi amanar ko kaza, ta ce kada ƙafarsa ta sake taka filinta ko gidanta. Matarsa ta zo ban haƙuri da goyo a baya, Gwaggo ko tabarma ba ta shimfiɗa mata ba.

Yau ta zo ne a buɗe cikin a gaban jama'a, kowa ya ga babu komai a ciki sai yunwa. Ƙanin na tsaye can baya, ya harɗe hannu.

Mahauci ya tsaga tumbin, wuƙa ta cije. Ya zura hannu har gwiwa, ya jawo wani baƙin dunƙule, girmansa ya kai tulu, ya yar a kan siminti. Leda ce, ta murɗe ta haɗe kamar igiya.

"Gwaggo, wannan sa ya ci," in ji mahauci. "Ciyawar ce ta rasa wurin zama." Ya ce gishiri da man da ke jikin leda ne ke jan shanu, su lasa su haɗiye.

Ba ta waiwayi ƙaninta ba. Fushin ya sake hanya ne kawai. Ta ce ashe kisa aka yi mata. Ta ambaci mai shagon gaba, da mai ruwan sanyi, da duk ƙazamin da ke juye shara a inda dabba ke kiwo. Ta rantse sai ta gano mai wannan ƙazanta, ta rataya masa dunƙulen a ƙofar shago, ta tsaya a wurin har sai ya rufe.

"Yaya, bar shi haka," ƙanin ya ce a hankali. "Ki ɗauki namanki mu tafi."

"Wa ya sa da kai?"

Ta tsuguna da kanta, ta sa farce ta yage guda ɗaya daga tsakiyar dunƙulen, ta ɗauraye a bokitin mahauci, ta ɗaga wa rana. Akwai rubutu a jiki, ya koɗe amma yana karantuwa. Ta fara karanta lambar wayar da aka buga a kai da ƙarfi domin kowa ya ji, ta kai rabi, ta tsaya.

Lambarta ce.