Hannun Mama a Bakin Tulu

Shekarar da aka sallami Babanmu daga masaƙa a Kakuri, abinci ya yi mana wuya. Wata rana da yamma Mama ta karkaɗe buhun garin masara, abin da ya fito bai cika kwano ba, ga mu yara mun zagaye murhu.

A Zumuntar Mata ta cocinmu suna da al'ada. Kafin mace ta tuƙa tuwo sai ta ɗebi gari cikin hannu ta zuba a tulu, ran Lahadi a haɗa a kai wa gwauraye. Da na ga Mama ta tsoma hannu, sai na cafke mata zane.

"Mama, yau ma? Wai Allah yana cin tuwo ne?"

Na zaci zan sha mari, sai ta yi dariya.

"Ke dai bakinki kamar reza! Ba ya ci. Hannuna nake koya wa buɗewa. In na bar shi ya damƙe yau, gobe ko buhu ya cika ba zai buɗe ba."

Ta saki garin a tulu. Ina kallo, hannun yana rawa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, garin bai ƙaru ba. Tuwon bai ishe mu ba, ita ko loma ba ta kai baki ba.

Sai da na aurar da 'yata na shiga ajin yaƙi da jahilci, na karanta Littafi Mai Tsarki da idona. Amma har yau in na tuna rawar hannun nan, tsigar jikina tashi take. Ashe tsoro take ji kamar ni, kuma ta buɗe hannun.