Keken Baba Ya Yi Wanka

Keke ɗaya Baba yake da shi, baƙi, mai faffaɗar kariya. Shi ke kai gero kasuwar Maigatari, shi ke ɗauko ruwa, shi ke kai Inna asibiti.

Ranar sunan ɗan Gwaggo a Gumel, tun safe keken yake jigilar taki zuwa gona. Bayan azahar na fito cikin sabuwar atamfa, na sunsuna kariyar, na ja da baya.

"Baba, ni ba zan hau ba, warin taki yake. Malam Bitrus maƙwabcinmu kekensa biyu, na aiki daban, na zuwa coci daban."

Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ɗebo ruwa da sabulu ya wanke keken tas, ya ɗaura matashin Inna a kan kariyar, ya ɗiga masa turarensa na Juma'a.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wanda ya je gona da safe da wanda zai je suna yanzu, duk ni ne. Wanka kawai na yi."

Na hau ina ƙamshi, ina ɗaga wa ƙawayena hannu.

Da za mu dawo Gwaggo ta ba mu 'yar akuya. Baba ya mayar da ni kan ƙarfen gaba, akuyar ta samu matashin. Har yau idan na ji ƙamshin turaren nan, dariya nake, kuma ban yafe wa akuyar ba.