Gurbin Rumfar Fura

Ranar da aka buɗe tashar cajin motocin lantarki a bakin titin Falgore, wata tsohuwa ta tsaya can bayan taro, dogare da sanda, tana kallon simintin da aka malala a gurbin rumfarta.

A nan ta ƙarar da ƙuruciyarta tana dama fura. A wancan zamani manyan motocin katako sukan tsaya inji ya huce, direbobi su baje a tabarma, su sha, su ba ta labarin Jos. Da motoci suka ƙara lafiya sai suka daina tsayawa, sai dai su wuce fuu, iskarsu ta kaɗa mata zane. Ta daɗe da jingine ludayi kafin magina su zo su kafa turaku, su ja waya, su jera farantan sola.

Aka yanke ƙyalle, aka tafa, manyan baƙi suka watse. Har ta juya za ta tafi, sai wata mota ta sulalo ba ƙara. Direban ya jona wa motar wayar caji, ya yi miƙa, ya waiwaya hagu da dama.

"Sannu, Inna. Wai sai na jira kusan rabin awa kafin ta cika. Babu mai fura a nan kusa?"

Ta dube shi, ta dubi wasu motocin da suka fara jan layi a bayansa.

"Zauna, ɗan nan," ta ce. "Kada ka bari ta cika kafin na dawo."

Ta kama hanyar ruga, har da ɗan gudunta.