Takin da Aka Zubar

Ranar da motar takin zamani ta iso Fagam daga Birnin Kudu, malamin gona ya ce gwamnati ta biya kusan duka da arzikin man fetur, kowane magidanci ya ɗauki rabonsa da araha. Akwai wata mata a garin, ita kuwa ba magidanci ba ce. Mijinta ya rasu a shekarar fari, ya bar mata 'ya'ya da gonar da ko ciyawa ba ta so.

Maza suka saya, amma don buhunan. "Wannan gishirin ƙone ƙasa yake yi," in ji su. Suka zazzage shi a bayan gari.

Ta bi sawu da tsintsiya da ƙwarya. Ƙanin mijinta ya tarar da ita tana tsince shi daga cikin yashi.

"Matar yaya, ki huta. In bana ma gonar nan ba ta yi ba, jinginar da ita zan yi."

"Ta marayu ce. Bari kaka ta yi."

Ta bi gindin kowace dawa tana barbaɗa kaɗan-kaɗan, damina kuma ta yi albarka.

Da kaka ta yi, ƙanin mijin ya zo da mai karɓar jinginar. Suka tsaya suna waige-waige, har ya ɗauka sun ɓata hanya. Ya ƙwala mata kira.

Muryarta ta fito dab da shi, daga cikin dawar da ta shanye tsawonsu, zangarniya na rinjayar kara.

"Ga ni nan. Ku shigo a hankali, kada ku karya mini."