Tulu Biyu a Gidan Takaba

Kai da kake cewa karatun jami'a sai an taka ƙafa an je, saurari wannan.

Wata tsohuwa ɗanta ya rasu da kaka, ya bar mata matarsa, wadda saura wata uku ta gama karatun aikin gona a jami'a. Matar ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, ga shi in wannan zangon ya wuce ta, shekarar ta tafi ke nan. Makaranta ta ce ta ci gaba ta waya. Tsohuwa ta kasa gane yadda za a yi haka. Kullum da hantsi sai ta jawo tabarma bakin ƙofa, wai tsintar shinkafa take, alhali kunnenta yana ɗaki. Abin da ya fi ɗaure mata kai, in magana ta wuce surukar sai ta taɓa fuskar wayar, malamin ya koma baya ya maimaita, har sau uku, bai taɓa ƙosawa ba. "Wannan bawan Allah akwai haƙuri," in ji tsohuwa. "Ko ruwa ba ya tsayawa sha?"

Ana nan aka ba da aikin ƙarshe: kowane ɗalibi ya gwada hanyar hana ƙwaro cin wake, ya nuna wa aji sakamakon. Na cikin makaranta suna da ɗakin gwaji, surukar kuwa sai tsakar gida. Ta kife wayar ta ce, "Inna, nan kam na tsaya." Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, ƙwaron jami'a daban yake da namu?" Ta tashi ta ɗauko tulu biyu. Ɗaya ta zuba wake zalla. Na ɗayan ta shanya shi kwana uku, ta cuɗe da tankaɗaɗɗiyar toka, ta liƙe bakin da laka. Surukar tana kallo tana ɗauka a waya. Bayan wata biyu aka buɗe, duk aji yana kallo kai tsaye ta waya. Tulun farko ya zama gari, ƙwari na tashi. Na biyu kamar yau aka ɓare shi. Wani ɗalibi daga can Yola ya tambaya, tokar wane ice ce, kuma a wane ma'auni? Surukar ba ta sani ba, sai ta juya wayar wajen tsohuwa. Ita kuwa ta gyara mayafi, ta leƙa, ta ce, "Su nawa ne a ciki?" Aka ce tamanin. Matar da ba ta taɓa zama a benci ba ta yi gyaran murya ta shiga bayani, malamin da kansa ya ce kowa ya ɗauki biro. Kafin a fita takaba sakamako ya zo, surukar ta ci.

Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.