Wanda Zai Ɗaga Ta

"Kai gurgu," in ji mai horarwa, "tunda gwiwarka ta ƙi, zo ka koya wa magajinka ɗaga abokiyar rawarka."

Ya dogara sanda zuwa bakin fili. Tun suna yara a Mosko suke rawar kan ƙanƙara tare, har gasar duniya. Ta yi masa alkawari, in sabon ya kasa za ta jira ya warke.

"A hankali, ɗan'uwa, ba buhun dankali ba ce," ya ce wa sabon, a ransa yana fatan su zube.

Kiɗa ya tashi. Sabon ya ɗauke ta cak, suna juyi. Sai ta lumshe ido.

Shi kuwa, duk shekarun da ya yi yana ɗaga ta, ba ta taɓa yarda ta rufe ido ba.