Sunan Baba a Jikin Rumbu

Har yau in na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar laka, sai zuciyata ta koma Bande, ta yi fari tas. Zamanin Nasara ne, na yi 'yan makonni a lakwal, wato makarantar boko ta Magariya, aka ba mu hutu. Na iso gida bayan la'asar, na tarar da Baba yana yaɓen rumbu. Ya riga ya yanke shawarar tura ni wurin kawuna a ƙetaren iyaka, don kada in koma.

Ko dubana bai yi ba, ya ce, "Me mushen, malamin nan naku, ya koya maka, ban da waƙa da shan bulala?"

Na ce, "Baƙaƙe da lissafi, Baba."

"To, mu gani."

Ba allo, ba alli. Sai na sa yatsa a ɗanyen yaɓen, na rubuta sunan da bakina bai taɓa faɗa ba. Baba ya hana ni magana, ya kira maƙwabcinmu Abdu, tsohon soja, wanda ya ɗan iya karatun Nasara. Abdu ya ƙanƙance ido, ya ja baƙaƙen a hankali: "I... sa. Isa! Ai kai ne nan, Malam Isa."

Baba ya ɗebo laka zai shafe wurin, sai hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya liƙa ta can gefe, ya ɗaga murya har Inna ta leƙo daga madafi.

"Duk wanda ya taɓa wurin nan, ni da shi ne. Kai kuma, in hutu ya ƙare, da kaina zan mai da kai a kan jaki."